Daga Tawada Zuwa Fayil: Waiwaye a Kan Shirya Maƙala da Zane Don Mujallun Injiniyoyi

A cikin tsofaffin mujallun injiniyoyi da ke jere a ɗakunan karatu na jami'o'i, musamman waɗanda aka buga daga shekarun 1950 zuwa na 1980, akwai shafin da masu bincike ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne cikin bangon baya, inda ake buga ƙa'idojin da marubuci zai kiyaye kafin ya aika da maƙalarsa. Ƙa'idojin kusan ɗaya suke a ko'ina: a buga rubutun da tafireta a fuska ɗaya ta takarda, a bar tazara tsakanin layuka da fili mai faɗi a gefe, a aiko da kwafi uku ko huɗu, zane-zane kuma a yi su da baƙar tawada a kan farin kwali ko takarda mai shara-shara, kowane zane a takardarsa, kada a ninke shi, kada kuma a soke shi da fil. Wanda ya nemi ƙa'idojin waɗannan mujallu a yau a intanet zai same su, kuma ba zai ci karo da maganar tawada ko gidan waya ba. Abin da zai tarar shi ne maganar nau'in fayil, da yawan ɗigo a kowane inci, da lambar shaidar marubuci. Waɗancan 'yan layuka sun ɓace ba tare da sanarwa ba, amma tare da su wani tsari na aiki ya rushe, tsarin da a cikinsa maƙala guda take bi ta hannun mutum biyar ko shida masu sana'o'i daban-daban kafin ta isa ga mai karatu, alhali a yau kusan dukkan wannan aiki ya tattaru a wuyan marubuci shi kaɗai.

Hannu na farko bayan na marubuci shi ne na mai buga tafireta. Injiniyan da ya kammala bincikensa yakan rubuta daftarinsa da biro ko fensir ya miƙa wa sakatariyar sashe, ita kuma ta jera farar takarda da takardar kabon bi da bi ta cusa a na'ura, domin a sami kwafi uku ko huɗu a bugu guda, na sama baƙi ƙirin, na ƙasa kuwa dishi-dishi. Idan harafi ɗaya ya kuskure sai an bi kowane kwafi an goge, ko a shafa farin ruwan Tipp-Ex a jira ya bushe. Idan jimla ce ta kuskure sai a sake shafin. Idan kuwa marubuci ya ga dama ya ƙara sakin layi a tsakiyar maƙala, to sai almakashi da gam, ko kuma a sake bugun tun daga wurin har ƙarshe. Waɗanda suka ratsa barandar sashen injiniya a wancan zamani sun san ƙarar maɓallan tafireta da 'yar ƙararrawar da ke kaɗawa a ƙarshen layi, sun kuma san yadda kabon yake rina yatsu. Wahalar gyara ita ce ta koya wa tsofaffin malamai ɗabi'ar da aka san su da ita, cewa daftari ba ya zuwa wurin bugu sai ya kwana, an karanta shi a bayyane, an kuma ba abokin aiki ya duba, domin a wurinsu abin kunya ne mutum ya koma wa mai bugu da shafi ɗaya karo na uku.

Jimlolin lissafi su ne ƙashin bayan maƙalar injiniya, kuma a kansu ne tafireta ta fi gazawa, kasancewar tafiretar ofis ba ta da haruffan Girka, ba ta kuma da alamomin lissafi mai zurfi. Kafin kamfanin IBM ya fitar da samfurin Selectric a 1961, wanda haruffansa ke jikin wata 'yar ƙwallo da ake cirewa a sa wata mai ɗauke da alamomin lissafi, abin da aka saba shi ne a bar gurbi a shafi marubuci ya cike da alƙalami. Ko bayan zuwan Selectric, layi guda yana iya buƙatar a yi ta sauya ƙwallon, ana kuma murza takardar rabin layi sama ko ƙasa domin a zaunar da ƙananan alamomin da ke hawa kan harafi ko suke sauka ƙarƙashinsa. Daga nan marubuci ya bi gefen shafi da fensir yana yi wa mai jera haruffa na maɗaba'a bayani, cewa wannan sifiri ne ba harafin O ba, wannan lamba ɗaya ce ba ƙaramin L ba, wancan kuma harafin Girka ne duk da kamarsa da v. Maɗaba'u sukan karɓi kuɗi mai yawa a kan shafin lissafi fiye da shafin zube, domin ko da na'urar Monotype mai zuba haruffa daga narkakkiyar darma, sai ƙwararre ya sa hannu ya daidaita kowace jimla. Shi ya sa editoci suke matsa wa marubuta su zubar da matakan da mai karatu zai iya cike wa kansa, kuma wani ɓangare na taƙaitawar da ake yabon tsofaffin maƙaloli da ita daga wannan tsada ya samo asali.

Inda aikin ya fi cin lokaci, kuma inda sauyin ya fi girma, shi ne zane. Manyan tsangayoyin injiniya da cibiyoyin bincike suna da ofishin zane, ɗaki mai manyan tagogi da karkatattun tebura, inda masu zane suke aiki da doguwar rula mai kai irin na harafin T, da kusurwoyin roba, da lanƙwasassun rulolin da ake bi a fitar da layi mai gantsarwa. Marubuci yakan fara ɗora sakamakon gwajinsa da fensir a kan takarda mai gidaje-gidaje, ɗigo bayan ɗigo, har ya sami giraf, wato zanen da ke nuna yadda wani adadi yake hawa ko sauka idan wani adadin ya sauya, sannan mai zane ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai ya bi da tawada. Alƙalamin wannan aiki, wanda kamfanin Rotring na Jamus ya shahara da shi tun fitowar samfurin Rapidograph a 1953, bakinsa siririn bututun ƙarfe ne mai 'yar waya a ciki, yana kuma fitar da layi mai kauri guda daga farko har ƙarshe. Alƙalami ne mai son lallashi, domin da an bar shi a buɗe na ɗan lokaci tawadar za ta daskare a bututun, sai an jiƙa an girgiza kafin ya sake zuba. A wurare irin Zariya da Kaduna busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta wannan daskarewa, laimar damina kuma tana sa takardar ta miƙe ta yi tudu-tudu. Layin da ya kauce ba ya goguwa, sai dai a kankare shi da bakin reza a hankali, a lailaye wurin kafin a sake bi, takardar kuwa ba ta jure kankara da yawa a wuri ɗaya. Ga kuma warin amoniya mai hawa kai daga na'urar fitar da kwafin zane, wanda yake bin tufafin mutum har gida.

Rubutun jikin zane ma fanni ne mai zaman kansa. Akwai kayan Leroy na kamfanin Keuffel da Esser na Amurka, inda tsinin wani ƙarfe yake bin ramin harafi a jikin rula, alƙalamin da ke maƙale da shi kuma yana maimaita harafin a takarda. Akwai kuma takardun Letraset da suka fito a Ingila a 1961, waɗanda ake ɗorawa a goga bayansu harafin ya manne. Tunda kowace kalma tana cin lokaci, ba a cika samun kalmar da ba ta da aiki a jikin zane ba.

Jigon ilimin mai zane shi ne sanin cewa zanen da ke gabansa ba shi ne wanda mai karatu zai gani ba. Ana yin sa da girma, ninki biyu ko fiye, domin maɗaba'a za ta ɗauki hotonsa ta rage shi ya shiga faɗin ginshiƙin shafi, wanda a mujallun IEEE, babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki da aka kafa a Amurka a 1963 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, inci uku da rabi ne. Ragewar tana ɓoye rawar hannu, amma tana cinye duk layin da ya yi siriri da duk harafin da ya yi ƙanƙanta, saboda haka mai zane yakan lissafa tun farko kaurin da layi zai koma. Bakin alƙaluman ma a kan wannan lissafi aka tsara shi, milimita 0.25 da 0.35 da 0.5 da 0.7, kowane ya ninka na ƙasansa kusan sau 1.4, daidai da rabon da ke tsakanin takardar A4 da A3, ta yadda layin 0.5 a kan A3 zai koma 0.35 idan aka rage zanen zuwa A4. Daga nan ne ƙa'idar da manyan masu zane suke koya wa yaransu ta fito: layin sakamako ya fi kowane kauri, layukan ma'auni su biyo baya, layukan gidaje su fi kowane siranta, kuma kada a cunkusa layuka a giraf ɗaya har ido ya kasa raba su. Ƙwararren mai zane ba ya karɓar aiki a makance. Yakan tambayi injiniya abin da yake son mai karatu ya gani, ya tambayi dalilin da ya sa ba a rubuta ma'auni a wannan gefe ba, mita ne ko milimita, ya kuma tambaya ko zane na bakwai ba maimaicin na biyar ba ne. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, a wannan fage kuwa maganar a zahirinta take, domin duk shawarar abin da zai shiga zane sai an yanke ta kafin tawada ta taɓa takarda.

Misalin abin da wannan tarbiyya take haifarwa shi ne zanen da Lewis Moody, farfesa a Jami'ar Princeton, ya buga a 1944 a mujallar ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka. Matsalar da ya tunkara ita ce ta lissafin ƙarfin da ruwa yake asara saboda gogayya da bangon bututu. Shekara biyar kafin nan Cyril Colebrook ya buga a Ingila jimlar lissafin da ke ba da amsa, sai dai abin da ake nema yana bayyana a ɓangarorin jimlar biyu, don haka ba ta warwaruwa kai tsaye, sai an yi ta gwadawa ana gyarawa, aiki mai gajiyarwa ga wanda ba shi da komai sai rular lissafi. Moody ya ɗora a kan aikin Colebrook da na Hunter Rouse ya tattara amsoshin a shafi guda: a layin kwance lambar Reynolds, wadda take haɗa gudun ruwa da faɗin bututu da kaurin ruwan, a layin tsaye ma'aunin gogayya, kaushin bututu kuma a jerin layuka masu lanƙwasa, kowane da lambarsa. Fiye da shekara tamanin bayan haka, ɗalibin da ke koyon aikin ruwa a Kano ko Yamai yana tarar da zanen a littafinsa kusan yadda aka fara buga shi, kamar yadda ɗalibin aikin rediyo yake tarar da da'irorin da Phillip Smith na ɗakunan binciken Bell ya buga a 1939. Waɗannan zane-zane kayan aiki ne da ake ɗora rula a kai a karanta lamba a gina abu da ita, kuma wanda ya zana su ya san cewa kaucewar rabin milimita tana iya komawa kuskure a girman injin tura ruwa.

Idan an gama bugu da zane sai a sa zanen asali tsakanin kwalaye biyu, a rubuta sunan marubuci da lambar zane a baya da fensir mai laushi, a nuna gefen da yake sama, a rufe a babban ambulan a kai gidan waya. Ga marubucin da ke Landan wannan tafiya ce ta kwana ɗaya ko biyu, amma ga malamin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko takwaransa na Nsukka ko Legas, tafiya ce ta makonni, kuma kowane mataki na gaba yana maimaita ta: edita ya aika wa masu tantancewa, wato masana biyu ko uku da ake ɓoye wa marubuci sunayensu, su maido da ra'ayinsu, edita ya rubuto, marubuci ya gyara ya sake aikawa. Ranakun karɓa da ake bugawa a ƙasan shafin farko suna nuna cewa shekara ɗaya ko biyu kafin fitowa ba baƙon abu ba ne. Bugun gwaji, wato dogayen takardun da maɗaba'a take aikowa don marubuci ya duba kurakurai, yakan zo da sharaɗin a maido shi cikin 'yan kwanaki, wa'adin da kan cika tun ambulan yana hanya. Bayan 1986, da aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kuɗin aikawa da kuɗin shafi da kuɗin sayen mujallun kansu duk suka yi tashin gwauron zabi, ɗakunan karatu da dama suka daina samun sababbin fitowa, har marubuci ya wayi gari yana rubuta wa mujallar da bai ga fitowarta ta bara ba. Abin da ya rage masa shi ne katin roƙo, ƙaramin katin da ake aika wa marubucin wata ƙasa a nemi kwafi ɗaya daga cikin kwafin maƙalarsa da mujalla ta ware masa, kuma da irin waɗannan katuna malamai da yawa suka tara abin karantawarsu.

Wannan kaɗai ya isa ya hana mai waiwaye ɗaukar wancan zamani a matsayin alheri zalla, amma akwai aibobin da suka fi shi ɓoyuwa. Hannun da ke neman layi mai kyan gani yakan ratsa tsakanin ɗigogi yadda ido yake so, ɗigon da ya fita daga sahu kuma yana iya salwanta tsakanin takardar fensir da ta tawada ba tare da wani ya yi niyyar ha'inci ba. Kowane sabon kwafi, daga rubutun hannu zuwa tafireta, daga tafireta zuwa darma, dama ce ta sabon kuskure, alamar ragi ta ɓace ko lambobi biyu su sauya wuri, shi ya sa 'yan sanarwar gyara suka yawaita a tsofaffin mujallu. Masu buga tafireta da masu bin zane da tawada, waɗanda a Ingila da Amurka akasarinsu mata ne, ba a ambatonsu sai a layin godiya idan an tuna da su, ladansu kuma bai kai nauyin aikinsu ba. Wanda ba shi da ofishin zane a bayansa, kamar malamin ƙaramar kwaleji ko injiniyan ma'aikata, yana iya ganin an maido masa da bincike mai inganci saboda kawai zanensa bai kai ba.

Ɗaya daga cikin mafarin sauyin ɓacin rai ne a kan mummunan bugu. A 1977 Donald Knuth, masanin kwamfuta a Jami'ar Stanford, ya karɓi bugun gwaji na sabon ɗab'in juzu'i na biyu na babban littafinsa, ya ga ya lalace idan aka kwatanta da ɗab'in 1969 da aka yi da darma, domin maɗaba'u sun koma jera haruffa ta hanyar hoto. Sai ya zauna ya nazarci yadda ƙwararrun masu jera lissafi suke barin tazara da yadda suke karya layi, ya mayar da wannan ilimi manhajar da ya kira TeX, aikin da ya zaci na watanni ne ya ci masa kusan shekara goma, ya kuma bayar da ita kyauta. Leslie Lamport ya gina LaTeX a kanta a shekarun 1980, inda marubuci yake faɗin matsayin kowane abu, take ne ko jimlar lissafi ko madogara, ya bar wa manhaja yadda zai zauna a shafi. Manhajar zane ta AutoCAD ta fito a 1982, PostScript na kamfanin Adobe, wanda yake bayyana wa na'urar bugu layi da harafi ta hanyar lissafi, ya fito a 1984, nau'in fayil na PDF kuma a 1993. A shekarun 1990 mujallu suka fara neman faifan kwamfuta tare da takarda, a 2000 IEEE ta buɗe rumbunta na intanet mai suna Xplore, cikin 'yan shekaru kuma aikawa ta intanet ta zama ƙa'ida. Teburan zane aka jingine su, masu zane kuma da suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba.

Abin da aka samu babba ne, kuma marubucin nesa shi ya fi kowa cin moriyarsa. Ɗalibin digiri na uku a Bauci ko Maiduguri yana sauke samfurin shafin da takwaransa na Tokyo yake amfani da shi, maƙalarsa tana isa hannun edita a ranar da ya aika, lambobin jimloli da na madogarai suna daidaita kansu idan ya ƙara ko ya rage, girafinsa kuma yana fitowa kai tsaye daga lambobin gwaji ta manhajar MATLAB ko Python, ba tare da hannun da zai karkatar da layi ba. Idan mai tantancewa ya nemi a sauya ma'auni, aikin da a da yake cin mako yanzu ba ya kai awa guda. Tun da ƙungiyar Crossref ta fara aiki a 2000 maƙala tana da lambar dindindin da ke kai mai karatu gare ta, dandalin African Journals Online da aka fara a 1998 ya fito da mujallun Afirka, ciki har da Nigerian Journal of Technology ta Nsukka, ga idon duniya, wasu mujallu kuma suna neman a ajiye lambobin gwaji da manhajar da ta zana giraf, domin duk mai shakka ya sake zana shi da kansa. Wannan na ƙarshe wata amana ce da zamanin tawada bai taɓa iya bayarwa ba.

Asarar kuwa tana wani wuri da ba a lura da shi da wuri ba. Ilimin mai jera haruffa ilimi ne na ƙa'idoji, saboda haka Knuth ya iya tattara shi ya zuba a manhaja, har ya kasance lissafin da ɗalibi yake fitarwa a ɗakinsa yana gogayya da na manyan maɗaba'un da. Ilimin mai zane rabinsa ne kawai ƙa'ida, ɗaya rabin tambaya ce da yake yi wa injiniya fuska da fuska, kuma wannan rabin ba a zuba shi a ko'ina ba. Manhaja tana zana duk abin da aka ba ta, da girman harafin da ya dace da allon kwamfuta, wanda idan ya koma inci uku da rabi sai an ƙura ido kafin a karanta. Shi ya sa mujallun yau suke cike da giraf mai layuka goma da launi kaɗai ya bambanta su, da akwatin bayanin da ya rufe sakamako, da gefen da ba a rubuta ma'auninsa ba, da hoton allon manhaja da aka ɗauko aka liƙa yadda yake. Mujallu suna sharɗanta ɗigo 300 a kowane inci ga hoto da 600 ga zanen layi, na'ura tana iya tabbatar da wannan nan take, amma ba ta iya cewa zanen bai faɗi komai ba. Launukan bakan gizo da aka daɗe ana nuna zafi ko matsi da su misali ne mai kyau: suna ƙirƙiro iyaka a inda babu ita, suna rikicewa idan an yi kwafinsu baƙi da fari, suna kuma wahalar da masu matsalar bambance ja da kore, waɗanda a Turai suka kai kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu. An san wannan shekaru da yawa, amma lamarin bai ragu sosai ba sai da MATLAB ta sauya launukanta na asali a 2014, manhajar Matplotlib kuma a 2017, abin da ke nuna cewa marubuta da yawa ba su taɓa zaɓar launin ba, sun karɓi abin da suka tarar ne.

Sauƙin kwafi ya zo da nasa haɗari. A 2002 aka gano cewa Jan Hendrik Schön, mai bincike kan ƙananan na'urorin lantarki a ɗakunan binciken Bell, ya buga giraf iri ɗaya a maƙaloli daban-daban a matsayin sakamakon gwaje-gwaje daban-daban, har 'yar karkarwar jikin layin, wadda hayaniyar na'ura take haifarwa kuma ba ta maimaita kanta, ta zo daidai wa daida. Kwamitin da Malcolm Beasley na Stanford ya jagoranta ya tabbatar da laifin, aka sallame shi, aka kuma janye maƙaloli da dama. A 2014 kamfanin ɗab'i na Springer da IEEE suka cire fiye da maƙaloli 120 daga kundin taruka, bayan Cyril Labbé na Grenoble ya nuna cewa manhajar SCIgen ce ta haɗa su, manhajar da wasu ɗaliban jami'ar MIT suka rubuta a 2005 domin su tona asirin tarukan da ba sa karanta abin da aka aiko musu. Adalci shi ne a ce daidaiton kwafin da ya sauƙaƙa ha'incin shi ne kuma ya fallasa shi, alhali ha'incin da aka yi da tawada ba ya barin irin wannan sawu.

Ƙofar da nisa ya tsare a da, yanzu kuɗi da harshe ne suke tsaronta. Mujallun da ake karantawa kyauta sukan nemi marubuci ya biya, adadin kuma yana kaiwa dala dubu biyu ko fiye, nauyin da albashin malamin jami'a a Najeriya ko Nijar ba ya ɗauka sai da tallafi ko rangwame. Mawallafa da yawa sun rage gyaran harshen da editocinsu suke yi a da, suna nuna wa wanda Turanci ba harshensa ba ne kamfanonin gyara na kuɗi. A gefe guda kuma ga mujallun bogi masu karɓar komai cikin kwanaki, waɗanda Jeffrey Beall na Jami'ar Colorado ya yi ta lissafa sunayensu har ya rufe jerin a 2017, kuma tsarin ƙarin girma mai ƙirga yawan maƙaloli shi yake tura musu ciniki. Sauri ya haifi nawa a nan, domin maƙalar da ta faɗa irin wannan mujalla ba ta da sauran damar shiga ta ƙwarai.

Yanzu an shiga wani sabon zango, inda manhajoji suke iya rubuta sakin layi su kuma haɗa hoto, har IEEE ta wajabta wa marubuci ya bayyana duk abin da aka samar ta wannan hanya. Wannan yana ƙara nauyin da ke kan mutum guda da ya rage tsakanin marubuci da edita, wato malamin da ke duba aikin ɗalibi, domin tambayoyin da mai zane yake yi a da, idan malamin bai yi su ba babu mai yin su kafin maƙala ta tafi. Darussan zane a tsangayoyin injiniya suna koyar da zanen sassan inji da na gine-gine, ba kasafai suke koyar da yadda ake tsara giraf don mujalla ba, sai ɗalibi ya koya daga maƙalolin da yake karantawa, masu kyau da marasa kyau a gauraye. Malaman da suka kama ƙarshen zamanin tawada, waɗanda suke barin aiki a hankali, har yanzu sukan sa ɗalibi ya buga zanensa baƙi da fari a daidai faɗin ginshiƙi, ya miƙa wa wanda bai san binciken ba, ya tambaye shi abin da ya gani. Idan amsar ta saɓa da abin da ake nufi, a koma a rage layuka, a ƙara girman harafi, ko a cire zanen gaba ɗaya. Gwaji ne da ba ya cin kuɗi, amma yana bukatar malamin da ke da lokacin zama da ɗalibi, kuma a jami'o'in da malami ɗaya yake duba ayyukan ɗalibai masu yawa a zango guda, wannan lokaci ya yi ƙaranci ƙwarai.